Akwatin Ilu da Kyamarar Obed

Duk wanda ya taɓa neman hoton fasfo a Maigatari kafin a yanke Jigawa daga Kano, da wuya in ba a gaban Ilu ya zauna ba. Gindin wata darbejiya yake zama, dab da tashar mota, da benci guda, da baƙin ƙyalle da yake ratayawa a jikin katanga, da bokitin ruwa, sai akwatinsa mai ƙafa uku. Shi ba ɗan garin ba ne. A Gagarawa Tasha aka haife shi, zamanin da jirgin ƙasa yake tsayawa ɗaukar gyaɗa, a nan kuma ya koyi sana'ar a wurin wani Bayarabe mai ɗaukar ma'aikatan jirgi hoto. Da Bayaraben ya tashi komawa garinsu sai ya bar masa akwatin. Da harkar jirgi ta yi sanyi, Ilu ya ɗauko akwati da matarsa Talatu suka dawo bakin iyaka, inda kasuwar Alhamis take tara mutanen ƙasa biyu, kuma kusan kowa yana da wata takarda da ake so ya manna fuskarsa a kai.

Akwatin na katako ne, koren fentinsa ya koɗe. Akwai gilashi a gaba, da wani hannun riga da aka ɗinke a gefe, inda yake zura hannu ya wanke hoto a ciki ba tare da haske ya shiga ba. In ka zo zai zaunar da kai, ya gyara maka hula, ya ɗaga maka haɓa da yatsa biyu. Sai ya zagaya baya ya leƙa, yana tura wani ƙarfe gaba da baya a hankali, har fuskarka ta tsaya cak a kan gilashin ciki. Wannan tsayar da fuska ita ce aikin, sauran duk hannu ya haddace. Daga nan ya cire murfi, ya ce, "Kar ka motsa," ya mayar.

Hoton farko a juye yake fitowa, baƙi ya zama fari, fari ya zama baƙi. A kansa ne Ilu yake yin abin da ya yi suna da shi. Yana da ɗan buroshi da kwalbar jan ruwa, ya bi fuskar yana shafawa, ya kewaye ido, ya kewaye baki, don in ya sake ɗaukar wannan takarda fuskar ta fito da haske, ba ƙurji ba tamoji. Mata sukan ce masa, "Malam, a ɗan wanke ni." Shi kuma ya ce, "Za a wanke, amma ba za a canza ba, kar a hana ki wucewa a iyaka." Kafin ka gama kofin shayi a teburin Ɗantala, wanda yake gefen darbejiyar, hotonka ya bushe a kan benci.

Allah bai ba su haihuwa mai rai ba, shi da Talatu. Gona kuma ba shi da ita. Abin da yake riƙe gidan shi ne aikin maniyyata. Akwai wani Bafulatani, Alhaji Bappa, wanda yake bin ƙauyuka tun daga Maigatari har Sule Tankarkar yana tattara masu niyyar Makka, yana yi musu zirga-zirgar takardu. Kowace shekara shi yake kawo su gindin darbejiya, mota-mota, tsofaffi da 'yan rakiyarsu. Da aikin waɗannan makonni Ilu yake sayen geron da zai kai su wata kaka. Sauran shekara kuwa sai dai abin cefane.

Shekara guda bayan an yi jiha wani saurayi mai suna Obed ya buɗe shago a bayan tasha. Mutumin wajen Kafanchan ne, matarsa aka turo koyarwa a firamare ya biyo ta. Yana da ƙaramar kyamara 'yar Japan da yake ratayawa a wuya, mai fitila a ka, tana ɗaukar hoto mai kala. Nasa ba a karɓa nan take. Sai fim ya cika ya kai Kano a wanke, mutum ya jira mako. Ranar da ya buɗe shago sai da ya zo ya durƙusa ya gai da Ilu, ya ce masa Baba, haka kuma ya ci gaba da kiransa. 'Yan mata da angwaye suka koma wurinsa, Ilu bai damu ba. Ya ce mai son a ga rigarsa ya je can, mai son a ga fuskarsa ya zo nan.

To, ana nan, a farkon shekarar casa'in da uku, azumi ya kusa, Bappa ya kawo rukunin farko aka ɗauke su. Bayan 'yan kwanaki sai ga shi ya dawo shi kaɗai. Ya zauna a benci, aka gaisa, aka tambayi iyali, ya karɓi shayi, sannan ya zaro hotunan daga aljihu ya ajiye a tsakaninsu.

"Malam Ilu, ofis sun dawo da su."

"Sun dawo da su? Me suka yi?"

"Wai ba a gane mutane. Suka ce kamar an ɗauke su ta cikin hayaƙi. Bara ma sai da na yi ta roƙo kafin su karɓa, ban dai gaya maka ba."

Ilu ya ɗauki ɗaya ya duba. Bai ga abin da ya raba shi da na kullum ba. Ya ce takardar yanzu ce ba ta da kyau, maganin wanki ma sai an yi sa'a. Ya ce ƙila kuma gilashin ya tsufa, ya riga ya yi magana da wani direba ya nemo masa wani a Damagaram. Bappa ya saurare shi har ya gama.

"Ni dai ba na so in kwashe mutanena daga wurinka," in ji Bappa. "Amma kafin azumi dole in miƙa takardu. Ga abin da za a yi. A kira yaron nan Obed, ku ɗauki mutum ɗaya, kai da akwatinka, shi da tasa. A ajiye hotuna biyu a nan kowa ya gani. In naka ya tsaya, in koma ofis in yi musu rashin kunya."

Ilu ya yarda. A ransa ma ya ji daɗi, don ya daɗe yana so a yi wannan gwaji a gaban mutane.

Aka aika Obed ya zo. Da ya ji abin da ake ciki sai ya fara noƙewa, ya ce shi ba zai yi gasa da Baba ba. Ilu ya ce masa, "Ɗauko abarka, ɗan nan, ba faɗa ba ne." Saura wanda za a ɗauka. Ɗantala mai shayi, Bamange ne, abokin wasan Fulani, tsage ya cika masa kumatu tun daga gefen ido har haɓa, ya ce a ɗauki Bappa.

"A ɗauki Bafulatani mana. Ko kuna tsoron gilashi ya tsage?"

"Kai za a ɗauka, bawana," in ji Bappa. "Fuskar nan taka da aka yi wa huɗa kamar gonar gyaɗa, duk kyamarar da ta kama layukan nan ta kama komai."

"Wa ye bawanka? Kakanka wa ya ba shi rijiya ya shayar da shanu?"

Direbobi da 'yan kamasho suka taru ana dariya. Ɗantala ya goge hannu, ya karkata shuɗiyar hularsa, ya zauna a gaban baƙin ƙyalle yana hura hanci. Obed ya ɗan rusuna, fitila ta yi walƙiya, shi ke nan ya gama. Ilu kuwa ya ɗauki lokacinsa. Ya leƙa, ya tura ƙarfe, ya jawo, ya sake turawa. Fuskar ta ƙi tsayawa yadda yake so, amma ta kai inda ba ta ƙara gyaruwa, ya bar ta a nan. Ya wanke, ya shafa jan ruwa, ya sake ɗauka. Da hoton ya fito bai nuna wa kowa ba, ya sa a ambulan ya ba Bappa, ya ce a buɗe ranar da na Kano ya iso, don kar a ce an yi son kai.

Ranar Alhamis ta gaba, kasuwa ta cika, raƙuma da shanu suna ta wucewa ta bakin tasha, Obed ya iso da nasa. Bappa ya share benci da gefen babbar riga ya jera hotuna biyu. Mutane suka yi dafifi.

Na Obed ga Ɗantala nan kamar zai yi magana. Shuɗin hula ya fito, har zaren da ya warware a bakinta. Tsagen nan kowanne a wurinsa. Sai dai fitila ta sa goshinsa yana ƙyalli kamar an shafa man gyaɗa, ga jan goro a haƙora, ga wani ƙuda da ya sauka a kafaɗarsa.

"Wannan ai tonon asiri ne," in ji Ɗantala. "Obed, har ƙudan ma sai da ka ɗauka? Shi ma Makka za shi?"

Aka yi dariya, aka juya kan na Ilu, sai dariyar ta ragu. Fuska ce toka-toka, sumul, ba tsage ko ɗaya. Hula ta narke cikin ƙyallen baya. Idanu kamar an dangwala yatsa a toka. Kunnen hagu ma babu shi, jan ruwa ya zarce ya cinye. Wani direba ya buɗe baki zai yi magana, Bappa ya harare shi.

Ilu ya ɗauki hotunan biyu, ɗaya a kowane hannu. Ya kawo su kusa da fuska, ya miƙa su nesa, ya juya wa rana baya ya sake dubawa. Ya daɗe. Sannan ya ɗago yana ɗan murmushi, murmushin wanda aka ba gaskiya.

"To, Alhaji, ka gani. In ban da kala, ina bambancin? Naka ma dishi-dishi ne, Obed. Ga shi kai ma ba ka kama tsagen ba."

Ɗantala ya dubi Bappa, Bappa ya dubi ƙasa. Ilu ya ji shirun, amma bai gane na mene ne ba. Ya ƙara cewa, "Ai na faɗa, kayan yanzu ne. Har na Kanon."

"Malam Ilu," in ji Ɗantala, ya bar wasa, "tsagena fa ga su nan a nasa. Har wanda wanzami ya karkatar."

Obed ya ga abin zai yi wa tsohon nauyi a gaban jama'a, sai ya nemi hanyar da zai fitar da shi. Ya ce, "Baba, ina jin gilashin ne ya goce. Ni ma a kan irin wannan akwati na koya a gida. Ka bari in leƙa?"

Tun da Bayaraben nan ya tafi, ba kan da ya taɓa shiga bayan akwatin sai na Ilu. Ilu ya matsa gefe. Yana so a ce gilashin ne. Gilashi ana sayensa.

Aka sake zaunar da Ɗantala, yana ƙorafin ruwan shayinsa zai ƙone. Obed ya leƙa, ya taɓa ƙarfen kaɗan, ya ce ya tsaya. Ilu da kansa ya cire murfi ya mayar, da kansa ya zura hannu ya wanke. Da aka zo ɗauka ta biyu Obed ya sake leƙawa ya tsayar, ba a shafa jan ruwa ba. Ilu ya tsamo hoton daga bokiti yana ɗiga, ya ajiye kusa da biyun.

"Kai!" in ji wani ɗan kamasho. "Ga Ɗantala nan!"

Baƙi da fari ne, amma kowane tsage ya fito kamar yau aka yi shi. Furfurar gemu ɗaya-ɗaya. Goshin ba ya ƙyalli, idanu suna kallon mutum. Nan gardama ta tashi. Wasu suka ce mai kala ya fi, don ko daga nesa ka san hular wa ce. Wani tsohon dillalin raƙuma ya ce a'a, na akwati ya fi kama da mutum, mai kala kamar an firgita shi. Ɗantala ya ce shi na akwati zai kai gida, don ba a ga goro ba. Bappa ya ce ofis kam kowanne aka kai musu cikin biyun za su karɓa.

Obed ya yi murna ƙwarai. Ya ɗaga hoton sama ya ce, "Kun gani? Akwatin Baba lafiyarsa ƙalau! Gilashin nan ma ya fi nawa. Ba abin da ya same shi."

Sai da maganar ta fita sannan ya ji abin da ya faɗa. Ya sauke hannu a hankali.

Ilu ya karɓi hoton na uku ya duba. A wurinsa duk ɗaya ne da sauran, inuwar mutum da hula. Ya ajiye, ya goge hannunsa a riga. Ya ce, "Madalla. Allah ya yi maka albarka." Ya kwance baƙin ƙyalle daga katanga ya naɗe, ya zubar da ruwan bokiti a gindin bishiya, alhali ko azahar ba a kira ba, ranar kasuwa. Ɗantala ya ce ya tsaya ya sha shayi, ya ce a'a.

Talatu tana tankaɗe a tsakar gida ta gan shi ya shigo da akwati a kafaɗa. Ba ta tambaye shi ba, ta shimfiɗa masa tabarma a inuwa. Da ya huta ya gaya mata abin da ya faru, bai rage komai ba. Ta ajiye rariya.

"Malam, ai na sani."

"Kin sani?"

"Tun bara nake matso maka da buta inda hannunka zai same ta. Rannan ka yi wa turmi sannu da aiki, na rufe shi da zane, ka ɗauka maƙwabciya ce. Na amsa maka daga ɗaki."

"Me ya hana ki faɗa?"

"In faɗa ka yi yaya? Na ga kana fita kana dawowa da abin miya. Na ce ƙila a cikin akwatin kana gani."

Ilu ya tuna yadda ya riƙa zagin masu sayar da takarda, da yadda ya riƙa cewa fitilun motocin yanzu sun cika haske. Abin ya zo masa a hankali ne, kamar yadda ruwan randa yake raguwa, bai san ranar da ya fara ba.

Obed bai bar shi ba. Da zai kai fim Kano ya zo ya ɗauke shi, suka shiga mota tare, ya kai shi asibitin ido. Likita ya haska masa fitila ya ce yanar ido ce, a duka biyun, ta dama ta fi nuna. Ya ce ana cirewa, mutum ya sa tabarau ya koma aikinsa. Amma masu jira suna da yawa, sai bayan ƙaramar Sallah za a kai kansa. A hanyar dawowa, wajen Gumel, Obed ya ce masa, "Baba, bana mu yi aikin tare. In zo in tsayar maka da fuska, kai ka ɗauka ka wanke."

"In kai ka tsayar, wa ya ɗauki hoton?"

"Ai akwatinka ne."

"Akwatin kam nawa ne," in ji Ilu. Ya juya yana kallon taga.

Ba girman kai kaɗai ba ne. Ya san in maniyyata suka ga Obed yana leƙawa shi yana tsaye, baɗi kai tsaye shagon Obed za su nufa, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Bappa ya zo har gida ya ce zai iya jinkirta rukuni na gaba mako guda, daga nan ba shi da iko.

A bayan kasuwar raƙuma akwai wani mutum da ake ce wa Dogo, yana tsallakowa daga ƙetare duk Alhamis ya kafa rumfar zana. Aikinsa ido. Ba ya cire yana, tura ta yake yi da wani siririn ƙarfe ta faɗa can cikin ido, haske ya samu hanya. Kullum akwai tsofaffi a bakin rumfar masu rantsuwa cewa da sanda aka kawo su suka koma da ƙafarsu. Waɗanda abin bai yi wa kyau ba suna gida, ba a ganinsu a kasuwa. Ilu ya shekara da shekaru yana jin labarinsa. Ya gaya wa Talatu zai je. Ta ce ya jira Sallah, gero in ya ƙare za ta yi ƙosai ta sayar. Ya ce mata bayan Sallah wa zai ɗauka, an riga an gama takardun maniyyata. Bai gaya wa Obed ba.

Dogo ya zaunar da shi a kan tabarma, ya sa wani ƙato ya riƙe masa kai. Ya ɗiga masa wani ruwa mai sanyi, ya ce ya kalli hancinsa. Ilu ya ji shigar ƙarfen har cikin haƙoransa. Sai kuma haske ya faɗo masa gaba ɗaya. Ya ga hasken rana ta ramukan zana, ya ga jan rawanin Dogo, ja sosai, irin jan da ya manta akwai shi. Ya yi salati da ƙarfi. Dogo ya ɗaga hannu ya ce yatsu nawa, Ilu ya ga hannu amma yatsun sun haɗe. Dogo ya ce zai washe, kar ya sunkuya, kar ya ci yaji, mako mai zuwa ya dawo a yi na hagu.

Ya koma gida yana gaya wa Talatu kalar zanenta. Washegari ya sa ta fito da akwati tsakar gida, ta zauna a gabansa, ya kwance ƙyallen da aka ɗaure masa ido ya leƙa. Haske kam ga shi nan, ya fi na da. Amma duk inda ya tura ƙarfen fuskarta ba ta da baki, ba ta da iyaka, kamar an zuba nono a ruwa. Ya tura har ƙarshe, ya jawo har ƙarshe. Ya ce ƙila sai gobe.

Goben da ciwo ta zo. Idon ya kumbura ya yi ja, kansa kamar ana sara, ya kasa ko ruku'u. Talatu ta aika aka kira Obed, ya samo mota suka kai shi asibitin Gumel. Aka yi masa allurai ciwon ya kwanta, amma hasken ya tafi da shi. Da aka koma Kano likita ya duba ya girgiza kai, ya ce na dama ya mutu, ba abin da za a yi. Na hagu yana nan, in ya zo ranar da aka ba shi za a yi masa aiki. Dogo kuwa Alhamis ta gaba ya kafa rumfarsa kamar kullum. Da Ɗantala ya je ya yi masa magana, sai ya ce ai ya hana Ilu sunkuyawa.

Bappa ya kai maniyyata shagon Obed. Da ya dawo daga Makka ya kawo wa Ilu dabino da zamzam da farar hula, ya zauna ya daɗe, ba su yi maganar hoto ba.

Ranar asibiti ta zo ta wuce, Ilu bai je ba. Talatu ta roƙe shi har da kuka. Obed ya zo ya durƙusa ya ce aikin likita daban ne da na rumfa, shi zai kai shi ya dawo da shi. Ilu ya ce, "Ɗaya aka taɓa, ga shi nan. Wannan da ya rage ina ganin ƙofa da shi, ina ganin inda rana take. A bar mini." Aka sa liman ya yi masa magana, ya saurara da ladabi, ya yi godiya, bai je ba. Talatu ta fara ƙosai a ƙofar gida. A hankali na hagun ma ya ci gaba da rufewa, har ya zama sai dare da rana yake rabewa. Akwatin yana jingine a ɗaki, gara ta ci ƙafa ɗaya. Gindin darbejiya wani mai facin taya ya kama.

Wajen shekara huɗu bayan haka, yana zaune a zaure da hantsi, wata mata ta yi sallama. Daga wani ƙauye take a ƙasar Sule Tankarkar, ta yi tambaya a tasha aka nuno mata gidan. Ta ce mijinta ya rasu da damina. Hotonsa guda ne a duniya, wanda Ilu ya ɗauke shi shekarar da ya je Makka, yanzu ya fara cin ruwa a gefe. 'Ya'yansa suna so a sake fitar da shi kowa ya samu, a ɗan ƙara masa girma. Ta kwance bakin zane ta sa masa a hannu.

Ilu ya shafa takardar da babban yatsa. Ya gane yankan almakashinsa a gefe.

"Allah ya ji ƙansa," ya ce. "Ya fito sosai?"

"Sosai, Malam. Kamar ya yi magana."

"To, na da ne."

Ya miƙa mata, hannunsa ya nufi inda ba ta, ta matso ta karɓa. Ya ce ta koma tasha, ta bi ta baya, za ta ga shago mai hotuna a jikin ƙofa, ta tambayi Obed. Ta ce ita an ce mata wurinsa za ta zo. Ya ce ya sani, ta dai je can. Ta ɗan tsaya ko zai ƙara wani abu, sannan ta ɗaure hoton a bakin zane ta fita.